Filin Ƙofar Kudu Ba Kango Ba Ne

Ina yaro, mahaifina ya ɗora ni a wuyansa a filin Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Na ga hakimai suna sakin linzami, suna zaburo dawakai har gaban Sarki, sannan su ja birki su ɗaga hannu su yi jinjina. A ranar na gane cewa filin nan ne zauren da Kano take ganawa da kanta.

A dubi abin da ya kewaye shi. Ga Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. Ga Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi a yau. A ɗaya gefen fadar kuma ga Babban Masallacin Juma'a, wanda aka sabunta gininsa zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Magabata ba su rasa tubalin da za su cike tsakanin waɗannan gine-gine ba. Da gangan suka bar sarari, domin talakan da ba ya iya shiga soron fada ya sami inda zai tsaya ya ga Sarkinsa, Sarki ma ya ga yawan waɗanda za a tambaye shi a kansu gobe kiyama.

Mu kuwa idanunmu sun lalace. Da mun hangi sarari a birni, sai mu fara ƙirga shaguna. Haka aka yanyanka gefen Filin Idi na Ƙofar Mata, aka gina, aka zo a 2023 aka rushe. 'Yan kasuwa suka yi asara, filin ma bai koma yadda yake ba. Haka aka ture Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da siminti. Badala kuwa kullum ana gutsure ta.

Masu cewa jama'a sun yi yawa, dole a nema musu wurin sana'a, ba ƙarya suka yi ba. Amma kasuwa ana iya kafa ta a bayan gari. Filin Ƙofar Kudu guda ɗaya ne. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin gadon al'adun duniya. To, in babu fili, ina dokin zai yi sukuwa?

Ina kira da a yi doka, a shata iyakar filin nan, a haramta kafa ko rumfar kara a cikinsa. Amana ce muka karɓa, ba gadon da za mu raba ba.