SHARHI: Ma'aikatan Lafiya Na Ƙauye Jari Ne Ga Noman Kudancin Kaduna

Sanin kowa ne cewa arzikin Kudancin Kaduna a gona yake. Cittar da ake nomawa a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko ita ce ta sanya Nijeriya cikin sahun manyan masu noman citta a duniya. Sai dai akwai wani haraji da manoman yankin ke biya kowace damina, wanda ba ya cikin kundin kowace hukuma, wato zazzaɓin cizon sauro.

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da sauro ke hayayyafa, shi ne kuma lokacin shuka da cire ciyawa. Magidancin da zazzaɓi ya kwantar mako guda, ko dai gonarsa ta haukace da ciyawa, ko ya ci bashi ya ɗauki 'yan ƙwadago. In kuwa yaro ne ya kwanta, uwa ce za ta bar gona da kasuwa. Daga ƙauyukan da ke kewaye da Godogodo ko Jagindi, zuwa babban asibitin Kafanchan na cin kuɗin babur da yini guda cur. Don haka akasarin jama'a kan tsaya a kemis, su sayi magani ba gwaji, wani lokaci ma rabin abin da ya kamata a sha.

A nan ne amfanin ma'aikacin lafiya na ƙauye yake. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin wannan cuta, domin ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya yake buƙata daga ɗan yatsa, ba ya neman wutar lantarki, kuma cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Idan an samu cutar, sai a ba da haɗin maganin da ya maye gurbin kulorokwin, a sha kwana uku. Yaron da ke jijjiga ko ya kasa shan nono kuwa, sai a garzaya da shi asibiti.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An jarraba shi a jihohin Neja da Abiya daga 2013, kuma a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta Jihar Nasarawa, domin samar da irin waɗannan ma'aikata a mazaɓu. Abin da ya rage shi ne riƙo da gaskiya.

Na farko, a biya su haƙƙinsu a kan kari. Wanda aka bari da aikin sa kai, shi ma manomi ne, damina na kankama gonarsa zai nufa. Na biyu, a kai musu kayan gwaji da magunguna tun kafin ruwa ya ɓata hanyoyi. Na uku, a riƙa bin sawun aikinsu, domin masu fargabar a damƙa magani a hannun wanda ba likita ba suna da hujja. Amsar wannan fargaba ita ce horo da sa ido, kuma ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Kafanchan da za ta iya tallafawa.

Batun kuɗi kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Ya dace Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Jama'a da Sanga da Kaura su ƙara nasu a kai.

Manoman da cutar citta ta 2023 ta cinye wa jari ba su da rarar da za su yi ta zubawa a jinya. Duk wanda ke shirin raba musu iri da taki, ya sanya lafiyar mai riƙe da fartanya cikin lissafi.