Tarin Manyan Sunaye Ba Shi Ne Ƙungiya Ba

Wannan makon filin ƙwallon kwando za mu leƙa.

Akwai wani wasa da masoya gasar NBA ta Amurka suke yi. Mutum goma ko sha biyu za su haɗu, kowa ya riƙa zaɓar ɗan wasa bi da bi, na da da na yanzu, har ya haɗa ƙungiyarsa a takarda. Sai a jera ƙungiyoyin biyu-biyu, kowa ya kawo hujjar da ta sa tasa za ta yi nasara, sauran jama'a su kaɗa ƙuri'a. Ba a shiga fili, baki ne kawai yake aiki. A ganinmu wasa ne mai kaifafa tunani, amma yadda ake yanke hukunci yana neman kashe shi. Da an hango Jordan da LeBron a jeri ɗaya, shi ke nan an rufe kunne.

Abin da ake mantawa shi ne ƙwallo ɗaya ce a fili. Wasan NBA minti 48 ne, kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. In ka tara mutum biyar da kowa ya saba cin maki talatin, ba za su haɗu su ba ka 150 ba, domin duk jifar da ɗaya ya yi, ya hana huɗu ke nan. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle biyar.

A 2004 Lakers ta haɗa Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da Karl Malone da Gary Payton, amma Detroit Pistons ta doke ta 4 da 1 a wasannin ƙarshe, da tsaron baya da haɗin kai. A shekarar dai, a gasar Olamfik ta ƙasar Girka, Amurka ta je da Tim Duncan da Allen Iverson da matashi LeBron. Puerto Rico ta lallasa ta 92 da 73, Ajantina ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, ta koma gida da tagulla. Da a takarda aka yi waɗannan wasanni, wa zai zaɓi Detroit ko Ajantina?

Sannan akwai masu aikin wahala. Chicago Bulls ta ci wasa 72 cikin 82 a kakar 1995/96, kuma Dennis Rodman yana cikin ginshiƙanta, alhali makinsa a kowane wasa bai kai shida ba. Aikinsa shi ne cafke ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, kusan 15 a wasa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kaɓe jifar abokan hamayya sau 3,830, adadin da ba wanda ya kamo tun da NBA ta fara ƙirga shi. Wanda ya zaɓi irin waɗannan ya yi tunani, amma shi ake kayarwa saboda jerinsa ba ya ƙyalli.

Haka kuma ba a yawan tambayar da dokar wane zamani za a buga. Sarki goma, zamani goma. Sai a 1979 NBA ta shigo da layin maki uku, sai a 2001 ta halasta tsaron yanki, a 2004 kuma ta tsananta hana mai tsaro dafa wanda yake riƙe da ƙwallo. Lokacin da Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a 1962, babu layin maki uku. In ba a tsayar da doka tun farko ba, kowa zai ja musun zuwa zamanin gwaninsa.

Wani zai ce ai Golden State ta ƙara Kevin Durant a kan taurarinta, ta ɗauki kofi a 2017 da 2018. Gaskiya ne. Amma a duba yadda suka dace da juna: Stephen Curry da Klay Thompson suna da haɗari ko ƙwallo ba ta hannunsu, Draymond Green kuwa ya ɗauki rabon ƙwallo da tsaro.

Shawararmu ita ce kafin kowa ya kaɗa ƙuri'a, ya nemi amsar tambaya uku daga masu ƙungiyoyin. Wa zai riƙe ƙwallo in saura minti ɗaya? Wa zai tare gwanin ɗaya ɓangaren? Da wace doka ake wasan? Wanda ya amsa da kyau a ba shi, ko da rabin sunayensa ba mu san su ba. In kuwa aka ci gaba da ƙirga sunaye, masu zurfin tunani za su gaji su janye, a bar masu ihu su kaɗai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.