Jeren taragai ma tarihi ne

A Amurka da Ingila da Jamus akwai dattawa masu kashe dukiya da lokaci wajen haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, masu gudu da lantarki bisa teburi. A ma'aunin da ya fi shahara, wanda ake kira HO, ana rage girman komai sau 87. Mai kallo daga nesa zai ce wasan yara ne, irin motar kara. Ni kuwa ina ganin akwai ilimi a ciki, musamman a gardamar da suke yi kan abu guda: wane tarago ne ya kamata ya bi wane?

Ɗauki jirgin fasinja na Amurka a shekarun 1940 da 1950. Kan jirgi ne a gaba. Bayansa taragon gidan waya, inda ma'aikata ke tantance wasiƙu jirgi na tafe. A kulle yake, fasinja ba ya ratsa shi, don haka dole ya zauna a gefe guda. Sai taragon kaya, sai taragan kujeru. Taragon cin abinci yana tsakiya, domin kowa ya iso shi ba tare da masu ƙaramin tikiti sun keta ta wurin masu barci ba. Taragan kwana suna baya, nesa da ƙara da hayaƙi. Na ƙarshe shi ne na shan kallo, mai faɗin tagogi.

Shi ma kan jirgin ba da ka ake zaɓensa ba. A wancan zamani da tururi ake ɗumama taragai, saboda haka kan jirgi mai dizal da ke jan fasinja sai an sanya masa tukunyar tururi. Wanda ya ɗaura kan jirgin kaya a gaban taragan kwana, a idon masana ya bar fasinjojinsa cikin sanyi. Haka kuma wanda ya liƙa taragon gidan waya a jirgin shekarun 1990 ya yi wa tarihi ƙarya, domin an daina wannan aiki a Amurka tun 1977.

Matsalar mai teburi ita ce wuri. Tarago mai ƙafa 85 yana komawa kusan santimita 30, jirgi mai taragai 12 kuwa ya haura mita uku da rabi. Gwanaye sukan rage yawan taragan kujeru da na kwana, amma su bar kowane iri a gurbinsa. Jirgin ya gajarta, ma'anarsa tana nan.

Ma'anar kuwa ba kullum take da daɗi ba. A jihohin kudancin Amurka, zamanin dokokin wariya, taragon baƙar fata yakan kasance a gaba, dab da kan jirgi, inda toka da hayaƙi suka fi yawa, wani lokaci ma rabinsa na kaya ne. Shari'ar Plessy ta 1896, wadda ta halatta wariyar, daga rikicin kujerar jirgin ƙasa ta taso a Luwiziyana. Wanda ya kwaikwayi jirgin wannan yanki ya tsallake wannan tarago, ya ƙawata abin da bai cancanci ƙawatawa ba.

Wannan ne ya sa nake tunanin namu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma shekara da shekaru jirgin Legas yana ɗauke da masu daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Ina aka ajiye kowannensu, kuma don me? Amsar tana bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe na Zariya da Kafanchan da Minna, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata sassan tarihi da na injiniya a jami'o'inmu su tura ɗalibai su zauna da su, su rubuta jeren tarago bayan tarago, tun ana iya tambaya.