Kafin mu sayi sabon batir

Da yawa cikinmu mun sha barin mota kwana 3 a Konni ko Ɗan Isa, mu dawo ta ƙi tashi. Sai mu ruga mu sayi sabon batir, bayan mako guda shi ma ya kwanta. Wannan ɓarnar kuɗi ce.

A ganinmu, mai gyaran wuta ya kamata mu fara nema. Ya kashe mota, ya rufe ƙofofi, ya jira minti 30, sannan ya sa mita a wayar batir. In wutar da ke fita ta zarce miliamfa 50, akwai mai shan ta a ɓoye. Sai ya riƙa cire fiyus ɗaya-ɗaya har awon ya sauka. Sau da yawa rediyon da muka ƙara ne, ko fitilar but da ba ta mutuwa.