Hanyar Jami'a: Mu Fara Shiri Da Wuri, Mu Yi Shi Gayya



Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya rufe ƙofofin jami'o'in Khartum, daga baya ya haɗa da na Wad Madani, wata sana'a ta bunƙasa a wayoyinmu. Ita ce sana'ar ofisoshin da ke alkawarin samar wa ɗalibi gurbin karatu a Masar ko Turkiyya ko Malesiya ko Indiya. Tallarsu ta cika Facebook da WhatsApp, wasunsu har suna kwaɗaitar da iyaye su fara biya tun yaro bai zauna jarrabawar shahada ba, wai don a tsara masa hanya tun daga tushe. Uban da ya sayar da riɗinsa a kasuwar amfanin gona yakan tsaya yana lissafi: ya ba ofis, ko ya biya darasin bayan makaranta, ko ya ajiye don abincin gida? Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, fara shiri da wuri daidai ne, har ma wajibi ne, amma mafi yawan abin da ake so a sayar mana muna da shi a cikinmu kyauta, rashin tsari ne ya hana shi isa ga 'ya'yanmu.

Yana da kyau mu san inda wannan al'ada ta fi ƙarfi, domin mu gane abin da ya haife ta. A Amurka, manyan jami'o'i irin su Harvard, wadda a 'yan shekarun nan take ɗaukar kusan 4 cikin kowane 100 na masu nema, ba sa tsayawa ga makin jarrabawa kaɗai. Suna duba rubutun da ɗalibi ya yi game da kansa, da wasiƙun shaida daga malamansa, da ayyukan da ya yi a wajen aji, kamar wasanni da taimakon jama'a. Tun da ma'aunin yana da faɗi haka, masu hali sukan ɗauki mashawarci tun yaro yana ɗan shekara 14, ya zaɓa masa darussa, ya tsara masa yadda zai yi hutunsa, ya gyara masa rubutu. A 2019 aka ga inda kwaɗayin yake kaiwa, lokacin da hukumomin Amurka suka bankaɗo wani mashawarci mai suna Rick Singer, wanda ya karɓi kusan dala miliyan 25 daga attajirai yana sayen masu kula da jarrabawa da masu horar da 'yan wasa. 'Yar fim Felicity Huffman, wadda ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawa, an yanke mata hukuncin kwana 14 a gidan yari, shi kuwa Singer aka ɗaure shi shekara uku da rabi a 2023.

Ƙofar jami'a a Sudan kuwa mabuɗinta ɗaya ne, wato nisbar da ɗalibi ya samu a shahadar Sudan. Ana lissafa ta daga darussa bakwai: huɗu na dole, Larabci da Turanci da tarbiyyar addini da lissafi, sai uku na sashen da ya zaɓa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ce ke rarraba ɗalibai, ta hanyar takardar nema da ake cikewa a intanet, inda ɗalibi yake jera kwalejojin da yake so ɗaya bayan ɗaya. Babu rubutun yabon kai da wani zai gyara, babu wasiƙar da za ta ɗaga nisba 78 ta kai ta kwalejin likitanci ta Jami'ar Khartum, wadda aka saba ganin ba ta sauka ƙasa da 90. Duk wanda ya ce yana da wata ƙofar baya zuwa kabul na gama-gari, to a nisance shi, domin ko ƙarya yake yi, ko laifi yake gayyatarmu.

To, idan haka ne, mene ne amfanin fara shiri da wuri? Amfaninsa yana cikin wasu 'yan matakai da ake ɗauka shiru, waɗanda in an kuskure su ba sa gyaruwa cikin sauƙi.

Na farko shi ne zaɓen sashe. Kafin shiga aji na uku na sanawi ɗalibi yake rabuwa zuwa sashen kimiyya ko na adabi, kuma wanda yake burin likitanci dole ya riƙe fiziya da kimiya da ilimin halittu tare da lissafi na musamman. Yaron da ya bi abokansa zuwa adabi don an ce ya fi sauƙi, ya rufe wa kansa likitanci da injiniyanci yana ɗan shekara 16, sau da yawa ba tare da iyayensa sun san an yanke wata shawara ba. Tushen lissafin da zai ba shi ƙarfin halin zaɓar kimiyya kuwa tun a mutawassiɗa ake gina shi, matakin da aka dawo da shi bayan an bar tsarin shekara 8 na asas.

Na biyu shi ne harshe. 'Ya'yanmu suna tashi da Hausa a gida da Larabcin kasuwa a titi, alhali jarrabawa tana neman Larabcin littafi da nahawunsa, da kuma Turancin da yawancinsu ba sa ji sai a aji. Muna da wata baiwa a nan da ba mu cika amfani da ita ba: yaron da ya yi karatun allo a khalwa ya shigo da kunnen Larabci na fusha da ƙarfin hadda. Idan aka sa shi makaranta a kan lokaci, ba sai ya wuce shekara goma ba, wannan jari ne. Turanci kuwa ba a koyonsa a wata uku kafin jarrabawa, kowane malami ya san haka.

Na uku shi ne takardu. Gidajenmu da yawa sun san ɗacin neman lambar ƙasa, da tambayoyin asali da ake yi wa Bahaushe ko da kakanninsa sun zauna a ƙasar nan tun zamanin da Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Sunan da aka rubuta iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a rajistar makaranta, yana iya tsayar da ɗalibi a lokacin da ba shi da kwana ko ɗaya na ɓatawa. Wannan aiki ne na shekarar farko ta sanawi, a yi shi cikin natsuwa.

Na huɗu shi ne jera zaɓi a takardar nema. Ma'aikata tana fitar da jagorar kabul, kuma ana sanin mafi ƙarancin nisbar da kowace kwaleji ta tsaya a kai a shekarar da ta gabata. Akwai kabul na gama-gari, akwai na wilaya wanda ke keɓe wa 'ya'yan wilaya wani kaso na kujeru a jami'arsu, akwai kuma na musamman wanda ake biya da tsada. Ɗalibin da ya cika jerinsa da kwalejojin da nisbarsa ba ta kai ba zai iya fita hannu wofi, alhali Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, tana nan kusa da gida. Sau nawa aka bar mai shagon intanet, wanda bai san yaron ba, shi ya yanke masa makoma cikin gaggawa don layi ya yi tsawo?

Duk waɗannan huɗun, babu wanda yake buƙatar buhun riɗi ko ɗaya. Suna buƙatar mutum ɗaya da ya taɓa bin hanyar, ya zauna da yaro da iyayensa sa'a guda a lokacin da ya dace. Ɗan malamin jami'a yana samun wannan a kan tabarmar cin abinci. Ɗan manomi da ɗan masunci ba su da wanda zai gaya musu, kuma wannan giɓin ne dillali yake cikewa ya karɓi kuɗinsa. Rashin sani, in ji magabata, ya fi dare duhu.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba duk ofisoshi ne macuta ba. Akwai masu aikin gaskiya, waɗanda suka san yadda ake tantance shahada da fassara ta da neman biza, kuma iyalin da suka yanke shawarar tura ɗansu waje suna iya buƙatar irin wannan hidima. Haka nan darasin bayan makaranta ya ceci yara da yawa, musamman bayan makarantun Gadarif sun zama masaukin 'yan gudun hijira daga Khartum da Jazira da Sinnar, kuma ɗaliban 2023 ba su samu zama jarrabawarsu ba sai a ƙarshen Disamba 2024. Yaron da ya yi wata da watanni ba aji yana buƙatar malami. Sai dai a bambance biyan malamin da zai koyar da lissafi da biyan wanda zai sayar da alkawari. Kafin a ba ofis kuɗi, a tambaye shi abu uku: shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Sudan ta amince da shahadar jami'ar da yake tallatawa? Nawa ne kuɗin dukan shekarun karatu, da masauki da abinci, ba na shekarar farko kaɗai ba? Mene ne a cikin hidimarsa wanda ɗalibi ba zai iya yi da kansa ba? Gurbin karatu na gwamnatin Turkiyya, alal misali, ana nemansa kyauta a shafinsa na intanet a farkon kowace shekara, Masar ma tana da shafin hukuma na ɗaliban waje. Wanda ya ce sai ta hannunsa ake samunsu bai faɗi gaskiya ba.

Abin da muke kira gare shi tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu sun nome gonaki da gayya, abin da maƙwabtanmu suke kira nafir, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikinmu yau akwai likitoci da malaman makaranta da injiniyoyin gona da lauyoyi da ɗaliban jami'a. Kowace unguwa ta ware mutum biyar daga cikinsu, maza da mata, su riƙe sunayen yaran da suka shiga mutawassiɗa da sanawi. Sau uku a shekara a taru a harabar masallaci ko a wani gida: a farkon shekara don duba takardu, kafin zaɓen sashe, da kuma makon cike takardar nema. A gayyaci iyaye mata, domin su ne suka fi sanin wace yarinya ce ake shirin cirewa daga makaranta, da wane yaro ne yankan riɗi da girbin dawa suke cinye masa makonnin karatu. Waɗanda suke Saudiyya da sauran ƙasashe suna iya shiga ta waya. Kuɗin da za a ba dillalin yaro ɗaya, in an tara shi a asusu, zai biya malamin lissafi da na Turanci ga yaran unguwa guda.

Mu kuma tuna cewa ba kowane yaro ne zai zama likita ba, kuma ba a so. Wilayar da ke ciyar da Sudan da dawa tana buƙatar masana aikin gona da likitocin dabbobi da masu gyaran tarakta da ungozomomi da malaman firamare. Shawara ta gari ita ce wadda ta dubi baiwar yaro ta nuna masa ƙofar da ta dace da shi, tun lokaci bai ƙure ba. Wanda ya san yaron tun yana rarrafe ya fi kowane ofis cancantar ba da ita.

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman jami'a a cikin masu karanta wannan, ya nemi yaro ɗaya a layinsu da ke aji ɗaya na sanawi a cikin makon nan, ya tambaye shi wane sashe yake nufi, kuma ko lambar ƙasarsa ta fito. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙofofin ilimi mai amfani. Amin.