YARON DA KE GUDU DA ASUBA

Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare a Jimeta, akwai wani yaro a ajina, shekarunsa ba su wuce 15 ba, wanda kullum sai ya yi gyangyaɗi a darasin farko. Na yi masa faɗa, na sa shi durƙuso, ran nan har na kai ƙararsa ofis. Ashe yaron nan, da an sallame sallar asuba sai ya kama hanyar Yola da gudu, ya yi nisa, ya juyo, sa'an nan ya yi wanka ya zo makaranta, sau da yawa ko koko bai sha ba. Ran Asabar kuma ya ari keken wansa. Iyo kuwa a Binuwai ya koya, gama kakansa masunci ne.

Da na matsa masa da tambaya, ya ce a wayar wansa ya ga wani wasa da a ke kira tirayatalon, watau tsere uku a haɗe. A wasannin Olimfik mutum ya kan yi iyo na mita 1,500, ya fito a jiƙe ya hau keke ya yi kilomita 40, ya sauka ya yi gudun kilomita 10, ba hutawa a tsakani. A San Diego ta Amurka aka fara shi a 1974, aka shigar da shi Olimfik a Sidini a 2000. Yaron ya ce, "Malam, ai duka ukun na iya."

A ofis abin da aka gaya masa shi ne ya bar shirme ya kama karatu. Ni a ganina an yi kuskure, kuma ni na jawo masa.

'Yan'uwa ɗalibai, ku duba yadda mu ke yi da gudu a makarantunmu. Yaro ya makara, a ce ya zagaya fili sau biyar. Bai yi aikin gida ba, tsallen kwaɗo. Mun mai da gudu horo, sa'an nan ranar wasannin makaranta mu yi ta mamakin ba wanda ke so ya shiga tseren mita 1,500 sai an tilasta shi. To, ga yaro yana tashi da kansa, ba bulala, ba mai tashe shi, yana riƙe lissafin mintocinsa a bayan littafin rubutu. Wane malami ne ba ya neman wannan hali ga ɗalibinsa?

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Binuwai ba wurin wasa ba ne, musamman in ya cika da damina. Ruwan tafki irin na Geriyo yana iya sa wa yaro tsargiya. Hanyar Yola cike ta ke da motoci da Keke Napep. Zafin watan Maris da Afril a nan ya kan wuce digiri 40, wanda ya yi gudu a cikinsa ba ruwa yana iya faɗuwa. Amma hani ba ya kawar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaron zai ci gaba ne a ɓoye, shi kaɗai, ba wanda zai gaya masa ya karya kumallo, ya kwanta da wuri, ya huta kwana biyu a mako, kada kuma ya shiga kogi sai da babba a cikin kwalekwale kusa da shi. Wannan aikin malami ne. Ba ya bukatar kayan tsada. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci dogon tsere a Rum a 1960.

Saboda haka ina roƙon malaman sashen motsa jiki na wannan Kwaleji, su buɗe filinmu ran Asabar da sassafe ga yaran makarantun da ke kewaye da mu, da yardar iyayensu, mu ɗalibai mu riƙa karɓeɓeniya wajen lura da su. Iyo a dakata tukuna sai an sami amintaccen wuri. Ni na ɗauki Asabar ta farko, zan kuma je gidan yaron nan da kaina in nemi iznin mahaifinsa.