Turare Ba Ya Maganin Zarni: Kira Ga Matasa A Kan Bayan Gidan Masallatanmu

'Yan'uwa matasa, yau ina so ne mu tattauna wani al'amari wanda kowa ya san da shi amma ba a son ɗaga shi a majalisa, wato halin da bayan gida na masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya da wuraren taronmu yake ciki. Abin takaici ne a ce masallaci ya sha fenti da darduma da lasifika ta dubban nairori, amma tun daga nesa zarni ne yake nuna wa baƙo inda ake kama ruwa. Mun iya shirya sahu, mun iya tsare ƙofa da gyara wa motoci wurin tsayawa, to don me wannan gefe ɗaya ya gagare mu?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa a Ahalari da Ishmawi da Risala babin tsarki ne yake gaban babin salla. Mun kuma karanta labarin kaburbura biyun da Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce ana yi wa masu su azaba, ɗayansu saboda rashin kiyaye fitsari ne. Ashe kenan wannan magana daga cikin karatunmu ta fito. Mutumin da ya shiga wurin da fitsari ya kwanta a ƙasa, ya taka da takalmi, ya fantsama wa wandonsa, sa'annan ya fito ya shiga sahu, ina tsarkin yake?

Illar ba ta tsaya nan ba. Idan makewayi ya yi ɗoyi mutane gudunsa suke yi, sai ka ga an koma jikin katangar masallaci da bakin kwata da kango. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 ne suke bahaya a fili a Nijeriya. A wannan shekarar ce kuma cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 111,000 ta kashe fiye da 3,600, kuma Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana bahaya a fili, a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a. To amma doka ba ta iya tura mutum cikin ɗakin da numfashi yake gagara. Gina bayan gida rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya zama wurin da ɗan Adam zai yarda ya shiga.

Abin da akasari muke yi shi ne, ranar Juma'a da safe a watsa Izal, a jefa kafur, wani lokaci har a kunna turaren wuta, kafin La'asar wari ya dawo ya haɗu da ƙamshin ya zama wani abu daban mai tayar da zuciya. Hausawa sun ce wanka da gari ba ya maganin yunwa. Sai mun san inda warin yake fitowa sa'annan za mu iya kashe shi.

Fitsarin lafiyayyen mutum ba shi da wani wari mai ƙarfi a lokacin da ya fito. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira yuriya, idan ya zauna a ƙasa sai ƙwayoyin bakteriya su farfasa shi ya koma amoniya, ita ce wannan zarnin mai shiga hanci da sa ido hawaye, kuma zafi yana ƙara wa aikin sauri. Daga nan sai gishirin da ke cikin fitsarin ya daskare ya zama wani ɓawo mai launin rawaya ko ƙasa-ƙasa a bakin rami, da cikin bututu, da tsakanin tayil. Wannan ɓawon shi ne gidan bakteriya, kuma ruwa da omo ba sa narkar da shi. Daɓen siminti kuwa wanda ba a goge shi ya yi santsi ba, shan fitsari yake kamar soso. Shi ya sa za a wanke wuri ya yi fes a ido amma hanci ya ƙaryata.

Akwai kuma wari na biyu mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, shi wannan daga cikin masai ko sokawe yake tasowa. A bayan gida na ruwa, akwai lanƙwasa a bututun ƙasa inda ruwa kaɗan yake tsayawa ya toshe hanyar iskar. In lanƙwasar ta fashe, ko ruwan ya bushe, ko tun asali mai aikin bai sa ta ba, to ko za a ƙarar da galan goma na magani warin ba zai tafi ba, sai an kira mai gyaran famfo.

To mene ne abin yi? Na farko shi ne ruwa, mai yawa kuma a kan lokaci. Lokacin da wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, bokitin ruwa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kwarara a wurin. A wurin da ɗaruruwan mutane suke shiga, wankin sau ɗaya a mako wasa ne. A kwarara ruwa a goge da burushi da omo bayan kowace salla, ranar Juma'a kuwa a tsayar da mutum tun kafin huɗuba har a watse. A sa duro ko tanki kusa, domin mai buta ɗaya ba zai iya tsarki kuma ya kora abin da ya bari ba.

Na biyu, ɓawon nan abu mai tsami ne kaɗai yake cin sa, wato maganin wanke masai mai asid irin su Harpic, ko ruwan binega mai ƙarfi idan ɓawon bai yi kauri ba. A zuba, a bar shi kamar minti ashirin zuwa talatin, a kankare da burushi mai tauri, a ɗauraye sosai, a maimaita duk mako har ya ƙare. Kada a manta da bango daga ƙasa zuwa gwiwa, da bayan ƙofa, da lunguna. Sai dai a kula, asid yana cin siminti in an yawaita, saboda haka maganin tsohon daɓe shi ne a sake shi da tayil ko siminti mai santsi, a karkata shi zuwa magudana yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Na uku, bilic irin su Hypo da Jik aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne bayan an riga an wanke, ba ya cire ɓawo. Idan mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, gwangwani ɗaya a gwangwani shida na ruwa ya wadatar har ga wurin da kashi ya taɓa. A nan ina roƙon kowane ɗan'uwa ya riƙe wannan da kyau: kada a kuskura a haɗa bilic da maganin asid, domin iskar kulorin ce take tashi, tana ƙona huhu, tana iya kisa a rufaffen ɗaki. Haka nan kada a zuba bilic a kan kwantaccen fitsari sai an kore shi da ruwa. A ware wa kowanne ranarsa, a buɗe ƙofa, a sa safar hannu da takalmin roba. Kafur kuma, ban da cewa rufe wari kawai yake yi, yana fasa jinin wasu mutane masu wata larura ta gado, musamman jarirai, kuma yara kan ɗauka alewa ce.

Na huɗu shi ne iska. A shekarun 1970 wani masani mai suna Peter Morgan ya fito da wata dabara a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, wato a kafa bututu mai faɗin kamar inci huɗu zuwa shida daga cikin ramin masai ya zarce saman rufi da aƙalla rabin mita, a ɗaure ragar waya a bakinsa. Iskar da ke kaɗawa a saman bututun tana zuƙo warin ramin ta fitar da shi sama, ƙudan da suka bi hasken bututun kuma raga ta tare su su mutu a ciki.  Inda aka riga aka sa, a riƙa kwarara ruwa ta samansa lokaci-lokaci don yanar gizo tana toshe shi. Masai busasshe wanda ba shi da bututu kuwa, a yi masa murfi, a riƙa barbaɗa toka. Kada a tuttula Izal ko bilic mai yawa cikin rami, don suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar. In rami ya cika a kira masu motar kwasa. Kada wani matashi ya ce zai nuna jarumta ya shiga, iskar cikinsa tana kashe jin wari sa'annan ta sumar da mutum, sau da yawa mai shiga ceto ma can yake zama.

Na san wani zai ce wannan aikin hukuma ne, ko na leburan da ake biya. Gaskiya ne gidajen wanka da bahaya na kasuwa da tasha haƙƙin masu karɓar kuɗi ne da ma'aikatan duba-gari, kuma wajibi ne a matsa masu. Amma na masallacinmu da makarantarmu fa, wa muke jira? Wani kuma a zuciyarsa ƙasƙanci yake gani, yana son a gan shi da kaki a bakin ƙofa amma ba ya son a gan shi da burushi. To ya tuna da matar nan da take share masallacin Annabi (S.A.W.), wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya ji sai ya ce a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Aikin da ba mai yaba maka a kansa ya fi kusa da ikhlasi.

Saboda haka shawarata ga kowane reshe ita ce, kafin Juma'a mai zuwa a zauna a rubuta jadawali, mutum biyu a kowace rana, a manna shi a ƙofa da sunaye. A ware wani kaso sananne daga kuɗin asusu don omo da burushi da ruwa. In akwai dattijon da yake wannan aiki shi kaɗai shekara da shekaru, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a saya masa kayan kariya, a kuma kama masa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A roƙi limamai su ware huɗuba guda a kan ladubban shiga makewayi. A duba ɓangaren mata da na yaran Islamiyya, wanda galibi shi aka fi mantawa da shi.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da jikkunanmu da wuraren ibadarmu, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.